DARASIN WATA: MENE NE CIKIN BUHUN DA MUKA SAYA?



Lokacin sayen taki ya matso. Kuɗin da za a zuba a kan takin zamani da maganin feshi gumin membobi ne, wani kuwa rance ne da za a biya bayan kaka. Duk da haka sau da yawa mukan ɗauki buhu mu biya, ba tare da mun san abin da ke ciki ba, sai launinsa da sunan da mai sayarwa ya kira shi. Domin wannan muka shirya darasin nan. Masana kimiyya sun kasa dukan abubuwan da muke taɓawa kashi huɗu. Wanda ya san kashin da abu yake, zai san abin da zai sa rai daga gare shi, da yadda zai ajiye shi, da kuma inda mai zamba zai iya shigowa.

Kashi huɗun ke nan: abin tushe, ɗaurarren haɗi, gauraye mai saje, da gauraye mai rabe.

Shugaban darasi ya tanadi waɗannan kafin taro: kwalabe huɗu masu haske, ruwa mai tsabta, cokali, gishiri, yashi, toka, kanwa, gawayi, guntun wayar lantarki, ƙasar gona, da ɗan yuriya da ɗan kamfa. A bar kowa ya taɓa, ya duba da idonsa.

1. ABIN TUSHE

Mu ɗauki jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki. In muka yanka shi biyu, kowane gefe jan ƙarfe ne. In muka yi ta yankawa har ya zama gari, jan ƙarfe ne dai. Mafi ƙanƙantar abin da za a kai gare shi, shi ake kira ƙwayar zarra, ido ba ya ganinta. Dukan ƙwayoyin zarra da ke cikin wayar nan iri ɗaya ne. Wuta ba za ta fasa jan ƙarfe ta fitar da wani abu dabam daga cikinsa ba, niƙa ma haka. Irin wannan abu shi muke kira abin tushe.

Abubuwan tushe da aka sani 118 ne. Kimanin 90 daga cikinsu ana samunsu cikin halitta, sauran masana ne suka ƙera su a ɗakin bincike. A 1869 wani malami ɗan Rasha mai suna Mendeleev ya jera waɗanda aka sani a lokacin bisa ga halinsu, jerin nan kuwa shi yaranmu suke koyo a makaranta. Kowane abin tushe yana da harafinsa. Haruffa uku da muke gani a jikin buhu daga nan suka fito: N naitirojin ne, P fosfaros, K kuwa potasiyam.

Waɗansu mun san su tun kaka da kakanni: ƙarfe, jan ƙarfe, zinariya, azurfa, dalma, farar wuta, zaiba. Amma da wuya mu gamu da abin tushe tsantsa. Gawayi yawancinsa kabon ne, amma tokar da yake bari ta nuna akwai waɗansu abubuwa a cikinsa. Ƙarfen fartanya ma akwai ɗan kabon a ciki, shi ne yake ba shi tauri.

Shuka tana bukatar abubuwan tushe 17. Uku tana samunsu daga iska da ruwa, watau kabon, haidirojin da oksijin. Sauran 14 daga ƙasa take tsotso su. A nan akwai koyarwa biyu.

Ta fari, wani abin tushe ba ya tsaya wa wani. Masarar da ganyenta na ƙasa suka yi rawaya, ta tsumbure, yawanci naitirojin take nema. Ko mun zuba mata buhun supa goma ba za ta farfaɗo ba, gama babu naitirojin cikin supa. Wadda ganyenta ya yi ja-ja kamar shanshanbale tun tana ƙarama, sau da yawa fosfaros ta rasa, yuriya kuwa ba shi da shi.

Ta biyu, abin tushe ba ya mutuwa. Ba ya ruɓewa, wuta ba ta cinye shi, sai dai ya sauya wuri. A 2010 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, masu haƙar zinariya suna niƙa dutse cikin gidaje. Dutsen nan akwai dalma a cikinsa. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe, yara fiye da 400 suka rasu. Rana da ruwan sama ba su kashe dalmar ba. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe, aka zuba sabuwa. Saboda haka kada a niƙa dutsen haƙa a gida ko a injin niƙan hatsi, kada kuma a fasa tsohon batirin mota kusa da gida ko rijiya, gama dalma ce cike da shi.

Ga wani abin mamaki. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Masara tana tsaye cikin naitirojin dare da rana, amma yunwarsa tana iya kashe ta, domin ba ta iya cinsa yana shi kaɗai. Sai an ɗaure shi da wani abu. Wannan ya kawo mu kashi na biyu.

2. ƊAURARREN HAƊI

In abubuwan tushe biyu ko fiye suka ƙullu da juna tun daga ƙwayar zarra, sai su haifi sabon abu. Shi ne ɗaurarren haɗi. Alamominsa biyu ne.

Alama ta fari, yana da sabon hali, ba irin na iyayensa ba. Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kilorin. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, in aka jefa shi cikin ruwa yana iya kama wuta. Kilorin iska ce mai guba. Amma da suka ƙullu, ga shi muna zuba su a miya kullum. Ruwa haɗin haidirojin ne da oksijin. Haidirojin yana cin wuta, oksijin yana rura ta, ruwa kuwa kashe ta yake yi. Tsatsa haɗin ƙarfe ne da oksijin, ba wanda zai yi noma da tsatsa. Sukari ɗaurarren haɗi ne, haka nan yuriya, da salfa.

Alama ta biyu ita ce ta fi shafar aljihunmu: ma'auninsa ba ya sakewa. Cikin kowane kilo 9 na ruwa tsantsa, kilo 8 oksijin ne, kilo 1 haidirojin, ko a Jos ko a Maraɗi. Cikin gishiri tsantsa kashi 39 sodiyam ne, kashi 61 kilorin. Haka yuriya: kashi 46 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne, ko a Fatakwal aka yi shi, ko a Legas, ko a ƙasar waje. Duk wanda ya ce muku yuriyarsa tana da ƙarfi ninki biyu, a ƙara masa kuɗi, ba gaskiya ya faɗa ba. Yuriya ba ta wuce yuriya. Tana iya kasawa in an gauraya ta da wani abu, amma ba ta iya ƙaruwa.

A 1828 wani Bajamushe mai suna Wöhler ya fara yin yuriya a ɗakin bincike. A 1909 wani Bajamushe kuma, Haber, ya nuna yadda za a kama naitirojin na iska a ɗaure shi da haidirojin ya zama amoniya. A 1913 aka buɗe masana'anta ta fari a Jamus bisa ga aikinsa da na Bosch. Daga amoniyar nan ake yin yuriya da salfa. Amma tun kafin masana'anta, Mahalicci ya sa wannan aiki cikin saiwar wake, gyaɗa da waken soya. Ku tumɓuke gindi ɗaya, ku fasa ƙurajen da ke jikin saiwar. In cikinsu ja-ja ne, ƙananan halittu suna nan suna ɗaure naitirojin kyauta. Dalili ke nan hatsi yakan yi kyau a inda aka noma wake bara.

Tun da ma'auni ba ya sakewa, muna iya yin lissafi kafin mu biya. Cikin buhu mai kilo 50:

Yuriya, kashi 46: naitirojin kilo 23.
Salfa, kashi 21: naitirojin kilo 10 da rabi.
Kamfa 20-10-10: naitirojin kilo 10.
Kamfa 15-15-15: naitirojin kilo 7 da rabi.

Mu yi misali da kuɗi, misali ne kawai. A ce buhun yuriya naira 46,000, buhun salfa naira 31,500. Ido zai ce salfa ta fi araha. Amma 46,000 raba 23 ya ba mu naira 2,000 kowane kilo na naitirojin, 31,500 raba 10 da rabi kuwa ya ba mu naira 3,000. Ashe in naitirojin kaɗai muke nema, yuriya ce mai araha. Salfa tana da nata amfani, gama tana ɗauke da farar wuta wadda shuka ke bukata. Sai dai mu san abin da muke biya dominsa. Ma'ajin ƙungiya ya yi wannan lissafi da farashin kasuwarku.

Rariya ba ta raba ɗaurarren haɗi, amma akwai abin da ke kwance shi. In aka watsa yuriya a kan ƙasa mai danshi cikin zafin rana aka bar ta a fili, sai ta kwance, naitirojin ya tashi sama ya zama amoniya, mai wari kamar tsohon fitsari. Toka da farar ƙasa suna ƙara wannan asara. Ku gwada a taro: ku cuɗa ɗan salfa da toka da ɗigon ruwa, ku sansana. Warin nan kuɗinmu ne yake tashi. Domin haka:

A tona rami kaɗan gefen shuka, a zuba yuriya, a rufe da ƙasa. Kada ta taɓa gindin shukar.
Kada a gauraya yuriya ko salfa da toka ko farar ƙasa.
Kada a gauraya yuriya da supa a ajiye, gama sukan jiƙe su dunƙule.
A ajiye buhuna a kan katako, bakinsu a ɗaure, gama yuriya tana shan raɓa.

3. GAURAYE MAI SAJE

A gauraye, abubuwa suna zaune tare amma ba su ƙullu ba. Kowanne yana riƙe da halinsa, ma'auninsu kuwa yana hannun wanda ya gauraya. Wannan shi ne babban bambancinsa da ɗaurarren haɗi.

Mu zuba cokalin gishiri cikin kwalbar ruwa mu girgiza. Gishiri ya ɓace wa ido. Ruwan sama da na ƙasan kwalbar ɗanɗanonsu ɗaya. Ko ya kwana bakwai ba abin da zai kwanta, in dai bakin kwalbar a rufe yake. Ko an tace da ƙyalle gishirin zai bi ruwan ya wuce. Wannan shi ne gauraye mai saje. Amma gishirin yana nan, gishiri ne har yanzu. In aka dafa ruwan ya ƙone, zai fito a gindin tukunya. Haka matan Keana da Awe a Jihar Nasarawa suke samun gishiri: sukan tace ƙasa mai gishiri da ruwa, sa'an nan su dafa ruwan har ya ƙafe.

Iska gauraye mai saje ce: naitirojin kashi 78, oksijin kashi 21, da waɗansu kaɗan. Tagullar da maƙeran Bida suke aiki da ita jan ƙarfe ne da tutiya da aka narka tare. Kananzir, fetur, shayi mai sukari, da tataccen ruwan toka duk cikin wannan kashi suke.

Haɗarin gauraye mai saje shi ne ido ba ya gaya mana ƙarfinsa. Kwalbar da aka sa wa cokali ɗaya da wadda aka sa wa cokali biyar, duka fari fat suke. Ga wurare uku da wannan ya shafi rai.

Ruwan gishiri da sukari na yaro mai zawo. Ma'auninsa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gishiri ya yi yawa, zai cuci yaron. Dole a auna, kada a kintata. In akwai ƙunshin da ake bayarwa a asibiti, ya fi kyau, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. 'Yan zumuntar mata su koya wa juna wannan.

Kananzir da fetur. In suka gaurayu, ido ba zai raba su ba, fitila ko risho kuwa yana iya fashewa. Kada a sayi kananzir da jarkar fetur.

Ruwan rijiya. Ruwa yana iya zama garau alhali taki ko maganin feshi ya narke a cikinsa. Tacewa tana cire datti, dafawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ɗayansu da ke cire gubar da ta narke. Saboda haka ba a wanke injin feshi a bakin rijiya ko rafi, ba a kuma zuba ruwan sha ko mai cikin galan ɗin magani, ko da an wanke shi.

4. GAURAYE MAI RABE

A wannan kashi ido yana ganin bambanci, ko kuwa in an bar abin ya huta sai ya rabu. Gero da tsakuwa, fura da nono, takin gida, toka, kankare, ƙullun koko da ke kwantawa ruwa ya taso sama. Abin da ka ɗebo daga sama ba lalle ya zama daidai da na ƙasa ba. Iyayenmu mata gwanaye ne wajen raba irin wannan gauraye: shiƙa, bakace, tankaɗe, rairaya, rege, tsinta, tacewa. Kowace dabara tana kama wani bambanci, ko na nauyi ko na girma. Masu wankin kuza a Filato ma da nauyi suke raba kuza da yashi. Nono yakan ruɗi ido, a ga kamar ya saje, amma in an kaɗa shi man shanu yakan ware.

Ƙasar gona. A cika kwalba da ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta. Bayan sa'o'i kaɗan lallausar ƙasa za ta hau kansa. Yumɓu kuwa yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye. Ruɓaɓɓen ganye zai yi yawo a sama. Kowane memba ya kawo ƙasar gonarsa a jera kwalaben. Jigawa mai yawan yashi ba ta riƙe taki, ruwan sama yana wanke shi zuwa ƙasa. A irin wannan gona a raba yuriya a zuba sau biyu, a kuma yawaita takin gida. Takin shanu ba shi da naitirojin da yawa, sau da yawa bai kai kashi 2 cikin 100 ba, amma yana gyara jikin ƙasa ta riƙe ruwa da abinci, aikin da takin zamani ba ya yi.

Kamfa. Sunan nan daga kalmar Turanci ya fito, wadda ke nufin ɗaurarren haɗi, amma a gaskiya kamfa gauraye ne. Iri biyu ne. Akwai wanda aka dama a masana'anta aka murza, kowace ƙwaya tana ɗauke da N da P da K, launinsa kusan ɗaya. Akwai kuma wanda aka zuba ƙwayoyi dabam dabam aka juya su a inji, za ku ga fari da ja da toka-toka. Kamfa 20-10-10 na shirin taki na shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 irin na biyu ne: yuriya, takin fosfaros daga Maroko, takin potasiyam, da ƙwayoyin farar ƙasa. Farar ƙasar nan ciko ne na halal, an lissafa da ita domin lambobin su zo daidai. Irin na biyu ba shi da laifi, sai dai a kan hanya girgizar mota tana sa ƙananan ƙwayoyi su gangara ƙasa, manya su tsaya sama. In ƙungiya za ta raba buhu ɗaya wa mutum uku, a juye shi a kan tabarma ko leda a cuɗa sosai tukuna. In ba haka ba, wani zai tafi da yawan yuriya, wani da yawan ciko, alhali kuɗinsu ɗaya.

Maganin feshi. Wani yana narkewa sarai ya saje. Amma na gari da ake damawa, da na mai wanda ke mai da ruwa fari kamar madara, gauraye mai rabe ne. In mai feshi ya tsaya hutawa, garin yakan kwanta. Sai wani sashin gona ya sami ruwa kusan zalla, wani ya sami magani mai ƙona ganye. A dama garin cikin ɗan ruwa kafin a zuba a inji, a riƙa girgizawa, kada kuma a bar saura ya kwana. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a rufe hanci da hannu da ƙafa.

Kanwa. 'Yan kasuwa sukan kira ta fotash da Turanci, sunan da ake kiran takin potasiyam da shi. Kada sunan ya ruɗe mu. Kanwa yawancinta haɗe-haɗen sodiyam ne, gauraye da gishiri da ƙasa, shi ya sa ta wani wuri ja ce, ta wani wuri fara. Tana da amfani a tukunya da wajen dabbobi, amma ba taki ba ce, sodiyam mai yawa ɓata ƙasa yake yi. Tokar itace ita ce mai potasiyam. A watsa ta a gona ita kaɗai, a wani lokaci dabam da na yuriya.

Gishiri ma yana da abin koya mana. Na kanti ba tsantsa ba ne, gama tun 1993 doka a Nijeriya ta ce a sa masa ɗan aidin domin maganin maƙoƙo. Kantun Bilma da ake kai wa dabbobi kuwa gishiri ne gauraye da ƙasa. A cikin Matta 5:13 Ubangiji ya kamanta almajiransa da gishiri, ya gargaɗe su a kan gishirin da ya salance. Gishiri tsantsa ba ya salancewa, gama ɗaurarren haɗi ne. Amma malamai da yawa sun bayyana cewa gishirin da ake ɗebowa a bakin Tekun Gishiri gauraye ne. In danshi ya shige shi, gishirin ya narke ya zurare, sai a bar farin gari mai kamar gishiri wanda ba shi da daɗi ko kaɗan.

5. YADDA ZA MU RARRABE

Tambayoyi uku sun isa.

Ta fari: ana ganin bambanci a cikinsa, ko yana rabuwa in ya huta? In i, gauraye mai rabe ne.

Ta biyu: in bai rabu ba, ana iya yinsa da ƙarfi ko da sauƙi yadda aka ga dama, kamar shayi? In i, gauraye mai saje ne.

Ta uku: in ma'auninsa ba ya sakewa, daga abu ɗaya aka yi shi ko daga biyu ko fiye? In ɗaya, abin tushe ne. In fiye, ɗaurarren haɗi ne. Ido ba ya amsa wannan ta uku, sai a tambayi malamin gona ko ɗan makaranta.

6. GWAJI KAFIN BIYA

Tun da yuriya ɗaurarren haɗi ce, halinta ɗaya ne kullum, gwada ta ba wuya. Kwamitin saye ya zaɓi buhunan da zai gwada da kansa, kada mai sayarwa ya zaɓa. A ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu.

A zuba cokali biyu cikin rabin kofin ruwa a motsa. Yuriya ta gaskiya za ta narke duka, kofin kuma zai yi sanyi a hannu. In yashi ko gari ya kwanta, an gauraya ta.

Gishiri ma yana narkewa, saboda haka akwai gwaji na biyu. A sa kaɗan a kan tsohon cokali a ɗora a wuta a fili, ba cikin ɗaki ba. Yuriya takan narke ta zama ruwa, ta ba da warin amoniya. Gishiri da yashi ba sa narkewa a wannan zafi, za su tsaya yadda suke.

A lura, wannan gwaji ba na supa ko kamfa ba ne. Supa ta gaskiya ba ta narkewa duka, kamfa mai ciko ma yakan bar saura a gindin kofi. Kada mu sa wa ɗan kasuwa mai gaskiya laifin da bai yi ba. Ga kamfa, a duba ɗinkin buhu ko an kwance an sake, a duba lambobi da sunan masana'anta, a ɗora buhu a sikeli a ga ko ya cika kilo 50, a karɓi rasit. Tun 2019 akwai dokar ƙasa a Nijeriya a kan ingancin taki, wadda ta haramta sayar da gurɓataccen taki ko buhun da bai cika ba. In an sami zamba a kai ƙara ofishin gona na jiha, da rasit da buhun. Ƙungiyar da ta sayi nata a dunƙule daga dillali mai rajista ta fi mutum ɗaya ƙarfin baki.

Amma 'yan'uwa, mu ma masu sayarwa ne. Gauraye yana hannun mai gaurayawa, mu kuwa muna gaurayawa kowace kaka. Annabi Amos a sura 8 ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke rage mudu, suna ha'inci da ma'auni, suna sayar da shara tare da alkama. Ruwa cikin nono, yashi cikin riɗi, tsohon wake a ƙasan buhu da sabo a sama, duk abu ɗaya ne da yashi cikin yuriya. Bari buhun da ya fito daga ƙungiyar ikkilisiya ya zama abin da ke sama shi ke ƙasa, har masu saye su daina soka masa ƙarfe.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Ku sa kowane ɗaya cikin kashinsa: jan ƙarfe, sukari, kunun zaƙi, iska, tsatsa, takin kaji, tataccen ruwan toka, farar wuta.
2. Manomi yana bukatar kilo 46 na naitirojin. Buhun yuriya nawa zai saya? In salfa ce fa, kimanin buhu nawa?
3. Don me gwajin narkewa ya dace da yuriya, bai dace da supa ba?
4. Ina membobinmu suke wanke injin feshi? Akwai abin da ya kamata mu sake?
5. Su wane ne za su zauna cikin kwamitin gwajin taki na bana?

Magatakarda ya rubuta abin da aka yanke a kan tambaya ta 4 da ta 5, a karanta a taro na gaba. A rufe da addu'a domin damina mai albarka da kuma aminci cikin saye da sayarwarmu.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.